Bugu huɗu a ƙarfen gado

Tawa, unguwar Wadata

Zuwa ga wana Abdurazak, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta kamaci ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar ga ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Husna da Mubarak da jaririyar da har yau ba mu gani ba sai a hoto. Allah ya raya su, ya tsare ku daga sharrin baƙunta, ya sa albarka a aikinka. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau daidai gwargwado, gero ya yi a Kalfu har an yi nisa da yanka, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Ƙanwarmu Zalika ta zo daga Tebaram ta yi mana kwana biyu, ta wanke zannuwan gado, ta koma, don cikinta ya tsufa kuma mijinta ba ya son tana hawan hanyar nan. Ta ce in gaishe ka, ta ce kuma in sassauta harshe. Na farko na isar, na biyu zan gwada.

Yaya, kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Muktari direba alhali da salula a aljihunka da nawa. Na lura in na kira ka, kafin mu kai ƙarshen gaisuwa na fara ɗaga murya, kai kuma sai ka ce rezo ba shi da kyau ka kashe. Rezon Abijan na da hankali, ya san daidai lokacin da zai lalace. Takarda dai ba ta da wurin kashewa. In ka ji haushi ka aje ta, ka sha ruwa, ka dawo, za ka iske ta inda ka bar ta. Rubutun ba shi da kyau, ka yi haƙuri da shi, ka san ba mushe, malamin boko, ya koya mini ba. Maganar da ke tafe da ni ɗaya ce. Baffa Talle ya ce da zarar an gama sa hatsi a rumbu zai zo da mota ya ɗauki Baba ya kai shi Kalfu, ya ce kuma ya yi magana da kai ka amince. Ina son ka ji abin da ke faruwa cikin ɗakin ga kafin ka bar wannan amincewa ta tsaya.

Baba yana nan yadda ciwon ya bar shi. Ɓarin dama ba ya motsi, baki ya karkace, magana ba ta fita. Ni ke juya shi, ni ke yi mai wanka, ni ke ba shi kunu da cokali. Babur ɗin kabu-kabuna yana jingine a zaure na rufe shi da buhu. Farkon kwanciyarsa gidan ga ya cika da manya masu motoci, ɗiyan da ya koyar a Bambai da Tebaram, kowa na faɗin Mushe Dodo ne ya buɗe mai ido. Sai su tsaya bisa kansa suna labarin dukan da sunka sha a hannunsa, suna dariya suna share hawaye kamar masu zaman makoki, shi kuwa yana kwance yana kallonsu. Ba wanda ya duƙa ya yi magana da shi. Yanzu ko akuyar maƙwabta ba ta leƙo mu. Tun rasuwar Inna gidan ya yi mana yawa, yanzu kuma da Baba ya yi shiru sai ya ƙara faɗi. Nakan wuni ban ji muryar mutum ba sai tawa, har na koma ina yi wa buta magana, ina zagin ƙuda da sunan ubansu.

Wata rana da hantsi na gama ba shi kunu, na aje cokalin kusa da hannunsa na hagu, na zaro takardar nan mai ƙananan baƙaƙe da ke cikin kwalin magani. Na shiga karanta ta da ƙarfi, ba don ina gane komi ba, don kawai a ji ana magana a ɗakin. Na kai kan kalmar comprimé, wato ƙwayar magani, na karanta ta yadda nake jin kowa na faɗa a tasha, kwam-fi-ri-me. Sai na ji kwal a ƙarfen gado. Na ɗauka cokalin ne ya zame. Na maimaita kalmar, na sake jin kwal, da ƙarfi. Na ɗaga kai, sai ga cokali a hannun Baba, idonsa a kaina. Yaya, ka san idon nan. Idon da ke sa ƙato ya jiƙa wando a gaban allo. Daga nan ya ɗaga cokalin ya buga ƙarfen a hankali sau uku, da tazara tsakani, ya tsaya yana jirana.

Na san wanga bugu. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ina yaro. Ka tuna lokacin da anka ba Baffa Talle ni riƙo saboda ba shi da ɗa namiji, kai kana bin Baba gari gari duk inda anka kai shi aiki, ni ina bin awaki a Kalfu. Wata ranar kasuwar Bambai Baffa ya tafi da ni, na sulale na je lakwal, makarantar bokon da Baba ke koyarwa, na tsaya jikin taga. Na ga Baba ya rubuta kalma a allo, yana buga regil ɗinsa, katakon nan na jan layi, bisa tebur, kowane bugu gaɓa ɗaya, yara na bi da baki ɗaya. Kana zaune a gaba, riga fara. Ya hango ni, ya yi mini alama da hannu in bar tagar ina tare haske. Wannan ne duk karatun da na yi a wurin Mushe Dodo, sai yanzu da bakinsa ya rufe. Na gane yana nufin kalmar gaɓa uku ce, ni na yi ta huɗu. Na ce com, ya buga. Na ce fi, ya harare ni. Na yi ta murɗa baki ina zufa har na samu na haɗe leɓɓa na fitar da pri a bugu guda ba tare da na raba ta biyu ba. Da na ce com-pri-mé, sai ya kwantar da cokalin bisa ƙirjinsa ya lumshe ido. Na fita tsakar gida na zauna a ƙasa, ban san ko dariya nake ba ko kuka.

Tun ranar na buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado na fito da regil ɗin na sa mai a hannun hagu, na fito da tsohon littafinka na ajin farko, mai hotuna, wanda ɓera ya ci gefensa. Dama da shi na koya wa kaina karatun Faransanci a ɓoye, shi da allunan shaguna da nake wucewa bisa babur. Amma na koye shi ne da ido, ba wanda ya taɓa jin bakina. Ina karanta shi kamar Hausa, kowane baƙi in ba shi haƙƙinsa, don a makarantar allo in ka tsallake baƙi ɗaya bulala ce. Ashe mutanen ga sai su jera baƙaƙe kamar masu shirin biki, in an zo ci a kori rabi. Baƙin ƙarshen kalma a bar shi tsaye ba mai kula shi. Wani sautin sai ka tura shi ta hanci kamar mai mura, wani sai ka tsuke baki kamar za ka hura wuta. Mu kuma bakinmu ba ya yarda baƙi biyu su gogi juna, sai mun cusa wasali tsakani kamar mai sa tsumma tsakanin tukwane kada su fashe, shi ya sa kullum gaɓoɓina ke fin na Baba yawa. Wallahi wanda ya tsara rubutun harshen ga bai taɓa jin tausayin talaka ba. Amma ga yadda muke yi. In na ɓata, bugu ɗaya mai ƙarfi. Sannan ya buga mini yawan gaɓoɓin a hankali. In na daidaita, regil ya kwanta a ƙirji.

Wahalar ita ce Baba ya san na ɓata, amma ba shi da bakin gaya mini daidai. Da farko Sa'adatu ke cetona, ma'aikaciyar likita ce 'yar Damagaram da ke haya a gidan da ke kallon namu, tana shigowa da marece ta miƙe mai hannu da ƙafa. Ita ta fara ganin abin bayan ni. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, ta ce kada in kuskura in daina, ta ce mutumin da ke ƙidayar gaɓa hankalinsa na nan daram, ƙofar fita ce ta toshe, kuma irin wanga aiki ne ke buɗe ta in Allah ya so. A gabanta rannan, muna kan shafin farko, Baba ya buɗe baki da kyar ya ce ba. Gaɓa ɗaya, miyau na zuba, amma daga bakinsa ta fito. Sa'adatu ta yi guɗa a hankali. To, an maida ta aiki can arewa wajen Abalak, ta kwashe kayanta, an sa kwaɗo a ƙofarta. Na gwada tambayar wani saurayi mai sayar da magani, na nuna mai kalma na faɗe ta yadda na iya. Ya kira abokinsa ya ce in maimaita don shi ma ya ji. Na gaya mai cewa ubana ne ya koya wa ubansa rubuta sunansa, na ƙara da wasu kalmomin da Zalika ba za ta so in sa a takarda ba. Yanzu sai in zagaya wani shago can nesa.

Ka san inda nake samun karatu yanzu? Bayan katangar lakwal ɗin da ke bayan gidanmu. Akwai shafi mai hoton tsuntsu, an rubuta oiseau a ƙasansa. Na karanta o-i-se-a-u, gaɓa biyar. Baba ya buga biyu. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na rage nan na ƙara can, bugu ɗaya mai ƙarfi kawai nake sha. Ya yi ta ƙoƙarin faɗa mini, wuyansa ya kumbura, idonsa ya yi ja, ƙarshe ya jefar da regil ya juya fuska ga bango, ya ƙi cin abinci. Sai na fara fita da safe in jingina da katangar nan, ƙato da gemu, ina yin kamar ina duba salula, ina sauraren ɗiyan ajin farko suna rera karatu bayan madam ɗinsu. Na yi ta zuwa har ranar da sunka kai shafin tsuntsu. Wa-zo. Baƙi shida, ba ko ɗaya da anka faɗa yadda yake. Na dawo da gudu na faɗa mai, regil ya kwanta a ƙirji, ya sha hura da kyau ranar. Sai daga baya na lura, na girma na yi gemu, har yau a waje nake tsayawa in ana karatu.

Baffa Talle ya zo ranar kasuwa da ta wuce da damin gero sabo. Na ce mai ya zauna ya gani da idonsa. Na ɗauko littafi na ɓata kalma da gangan, Baba ya buga, na gyara, ya kwantar da regil. Baffa ya girgiza kai ya ce karkarwa ce irin ta masu wanga ciwo, ya ce tsohuwar gidan liman ma haka hannunta ke yi har ta rasu. Ya ce wai ni Arzika da ya koya wa riƙon hauya na zama mushe da rana tsaka, ina azabtar da marar lafiya da yaren nasara maimakon in karanta mai Yasin. Na ce ina karanta mai Yasin kowace asuba, a nan ma in na yi gaggawa yana harara ta. Ya ce wansa ya riga ya tafi, gangar jiki ta rage, gara a kai shi gida cikin dangi, in ta Allah ta kasance a sa shi kusa da iyayensu, ba a bar shi a gidan haya hannun yaro mai zafin kai ba. Na ce na san ɗakin da za a sa shi, ni na kwana cikinsa tun ina ƙarami, ɗakin buhunan wake ne, tagarsa ba ta kai tafin hannu ba, mata za su tura mai kwano su fita, ba wanda zai ce mai ko sannu don sun ji an ce ya tafi. Ya ce ba ni da kunya. Na ce a gidansa na taso. Ban kyauta ba, na sani. Da zai tafi na ga ya tsaya a zaure yana goge ido da bakin rawani, don yana son wansa, shi ma abin ya fi ƙarfinsa. Amma ya juyo ya ce magana ta ƙare, babban ɗa ya amince, ƙaramin ba shi da ta cewa. Duk wannan a gaban Baba anka yi shi, yana ji. Bai taɓa regil ba har washegari.

Akwai abin da ban gaya wa Baffa ba, ban gaya wa Zalika ba, kai zan gaya wa don naka ne. Kowace safiya in an buga ƙarfen shiga aji a lakwal ɗin bayanmu, Baba yakan lalubo regil ya buga huɗu, ya kafa wa ƙofa ido. Ba littafi a hannuna, ba kalmar da na faɗa. Na ɗauka magani yake so, na kawo, ya buga ɗaya mai ƙarfi. Na kawo ruwa, haka. Na bi kayan ɗakin kaf da Hausa da ɗan Faransancin da na sani, ba wanda ya yi daidai. Sai na tuna abin da nake ji bayan katanga, cewa kafin a fara karatu kiran suna ake yi. Na ce Za-li-ka, uku ne. Na ce sunana, ina sane da uku ne, na dai faɗa. Ya jira. Na ce Ab-du-ra-zak. Regil ya kwanta a ƙirji, amma idon bai lumshe ba, yana kan ƙofa. Amsa yake jira. Na san kalmar da yara ke amsawa da ita, présent, na gan ta a littafinka, na ce fi-re-san-ti. Bugun da ya yi ranar sai da ƙarfen gado ya yi ƙara. Na koma bayan katanga na saurara da kyau, na dawo ina maimaitawa a hanya kamar mahaukaci. Gaɓa biyu ce, ta biyun ta hanci, baƙin ƙarshe ba a taɓa shi. Washegari ya buga huɗu, na miƙe tsaye kusa da gado na ce pré-sent. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana duba na. Sannan ya maida ido ga ƙofa.

Haka muke yi kullum. Ya kira ka, in amsa. Kai ka taɓa ba ni labari cewa a ajin Mushe Dodo wanda ya amsa wa abokinsa da bai zo ba, durƙuso zai yi bisa tsakuwa har a tashi. Ni ga shi ina amsa maka kowace safiya bai buga mini ba. Ban sani ba ko ya yafe ne, ko ya gaji, ko kuwa yana jin daɗin yadda kalmar ke fita daidai daga bakin wanda bai koya wa ba. Ba ni da wanda zan tambaya.

Don haka, Yaya, ka kira Baffa Talle. Kada ka aika, kada ka ce Zalika ta faɗa mai, kai da bakinka. Ka gaishe shi da kyau, ka ba shi haƙuri a kan bakina, ka ce ka janye, Baba zai zauna Tawa. Maganarka kaɗai zai ji. Na san ka amince ne don kana ganin ka sauke mini nauyi, to ban roƙe ka ba. Ban gaji ba, in na gaji kai ne farkon wanda zai ji, ka san ba na ɓoye wa kowa. A Kalfu in ya buga huɗu za a ce karkarwa ce, a zare regil daga hannunsa kada ya ji wa kansa ciwo, a ba yara su yi wasa da shi. Gero kuma ba ya jiran kowa, an kusa gama ɗaurin dammai. In ka samu hutu ka zo, ko na kwanaki kaɗan ne. Ba sai ka kawo tsaraba ba. Ka iso da safe kawai, ka tsaya daga bakin ƙofa kafin a buga ƙarfen lakwal.

Ka gaida Husna, ka ce mata zanen da ta aiko wa Zalika ya yi mata kyau. Ka shafa mini kan Mubarak, ka ce Baffansa na nan yana ajin farko, in ya zo sai mu gwada wa ya fi wani. Ka sumbaci jaririya. Ka gaida Dodo ɗan Kawu, takwaran Baba, da duk mutanen Adar da ke zaune kusa da ku, ka ce gida lafiya. Liman ɗin unguwa yana gaishe ka, shi kaɗai ke tambayarka in mun haɗu a masallaci. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Inna, ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Arzika.

Sunan nan gaɓa uku ne. In ka zo ka tuna wa Baba.